Teburin da ke Ƙarƙashin Bim

Ƙarfe sha ɗaya tsohon yake shigowa, ya wuce kai tsaye dogon teburin tsakiya, ya zauna shi kaɗai.

Ginin kankare ne tsurarsa, ba fenti ba filasta, har shatin katakon da aka zuba shi ciki yana nan a bango. Sama ofisoshi, ƙasa wurin cin abinci. Wani ƙaton bim na kankare ne ya ratsa rufin daidai saman teburin, shi ke ɗauke da benen. Masu kwamfuta na ofisoshin sama suna cewa abin ya yi kyau. Wataƙila haka ne.

Shekara uku yana zuwa, ko huɗu, lissafin ya kuɓuce mini. Shayi kawai yake sha, yana rufe bakin kofin da tafinsa mai kaushi. Duk wanda ya ja kujera kusa, sai ya bi shi da tari da baƙar magana har ya tashi. Mai hidima takan share wani farin gari a teburin kowace safiya, tana mita wai tsoho da ƙazanta.

Ranar nan ma'aikatan sama suka shirya liyafa, mutum goma sha biyu, har da mai jego da jaririnta. Manaja ya ce teburin nasu ne.

"Baba, yau dai a yi haƙuri, ga kujera can bakin taga."

"Nan zan zauna."

"Gadonka ne? Shayi kofi ɗaya ka tare mana wurin mutum goma sha biyu!"

Tsohon ya riƙe gefen teburin da hannu biyu. Masu gadi suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ana dariya. A sama an fara jan sababbin durowoyin ƙarfe, ƙararsu tana saukowa ta cikin rufin. Mai jego ta zauna a kujerarsa, ta gyara wa jaririn hula.

Da aka ja tsohon zuwa bakin ƙofa sai ya daina turjiya. Ya kamo rigar manaja.

"Ɗana ne injiniyan da ya sa hannu, shi ya sa na yi shiru. Ka tashe su, don Allah. Ni na zuba bim ɗin nan, kuma ni na ce a ƙara wa kwaɓin ruwa don mu gama da wuri. Ba shi da ƙwari, garinsa ne kuke sharewa kullum."