Wanzamin Sharif Isma'ila

Wata takwas Ja'afar ya yi yana shaƙar ƙurar tsofaffin takardu a Alƙahira, duk don neman suna ɗaya: mahaifin Sharif Isma'ila, kakan kakansa.

A garinsu kowa ya san labarin. Sharif ya zo daga Masar yana saurayi, fari sol, Larabci a bakinsa, tare da wani dattijon wanzami mai suna Rabi'u da ke riƙe masa jaka. Suka yi gini katanga ɗaya, da 'yar ƙofa a tsakani. Wanzamin ya auri 'yar gari, Sharif ma ya yi aure, aka sami gidan wanzamai da gidan Sharifai. Har yau ana yabon tawali'un Sharif, wai bai taɓa zama ba in wanzamin na tsaye, kuma tun daga ƙofar zauren wanzamin yake tuɓe takalmi. Ja'afar kan ba da wannan labari har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya miƙa wa Lawali kai ya yi masa aski.

Lawali daga gidan wanzaman ya fito. Likitanci yake karantawa a Giza, kuma ɗaki ɗaya suke da Ja'afar a unguwar Hayyus Sabi'. Abota ta tafi sumul, sai da Lawali ya ce yana son Rukayya, ƙanwar Ja'afar, ita ma ta ce ta ji ta gani. Tun rasuwar mahaifinsu magana a hannun Ja'afar take, shi kuwa ba ya son auren, ba ya kuma da ƙarfin halin da zai dubi mai dafa masa shinkafa ya ce a'a. Sai ya yi dabara. Ya ce a dakata har ya samo takardar salsalar gidansu. A lissafinsa, ranar da Lawali ya ga jerin sunayen nan da hatimi a ƙasa, da kansa zai ja da baya. Rukayya ta daina ɗaukar wayarsa, abin yana cinsa, amma bai fasa ba.

Tun kafin ya ga layi ɗaya ya sayi koren rawani irin na Sharifai. Ya bi littattafan manyan gidaje, ya tono Isma'ila goma sha ɗaya. Uku sun rasu a goye, ɗaya mai sayar da kifi ne, sauran ko Aswan da ke kudancin Masar ba su taɓa wucewa ba. Har wani gida ya je a unguwar Dokki ya gabatar da kansa a matsayin ɗan'uwa. Suka ba shi shayi, suka raka shi bakin lif da fara'a mai yawa.

Ustaza Nada, dattijuwar da ke kula da ɗakin takardun, ita ta gaji da ganinsa.

"Ya ustaz, mutanen da can ba sa tafiya su kaɗai," in ji ta. "Tare suke sauka, tare suke tashi. In mutum ya ɓace maka, nemi wanda ya yi tafiya da shi."

Ran Ja'afar ya sosu. Shi da ya zo neman Sharifi, a ce ya koma bin sawun wanzami? Amma hanya ta ƙare masa, dole ya bi. Sai ga sawu ya fito ɓaro-ɓaro. Takari, wato Hausawan da suka tafi hajji a ƙafa, duk inda suka yada zango unguwa guda suke yi, kuma unguwa ba ta zama babu wanzami. Ya ga Rabi'u a wata takarda a Fashir ta ƙasar Sudan yana shaidar wani ciniki. Ya gan shi a Asyut bayan shekara huɗu. Daga nan sawun ya shigo Alƙahira, wani masaukin baƙi na wakafi da ake rubuta sunan duk wanda ya zauna da wanda ya tashi. Ja'afar ya tabbata a shafin da wanzami ya tashi, nan za a ambaci ubangidansa da mahaifin ubangidan.

Ranar da aka ce littafin ya fito, ya naɗa rawaninsa ya ce Lawali ya raka shi.

"Ja'afar, da ka bar takardar nan ta yi kwanciyarta," in ji Lawali a cikin mota. "Kakata ta ce 'yar ƙofar nan da ke katangarmu ta ishi mai hankali."

Ja'afar ya ɗauka tsoro ne, har ya ɗan ji tausayinsa.

Aka buɗe littafin. Shekara shida yana karatun Larabci, amma rubutun magatakardan nan ya gagare shi, sunaye biyu kawai ya iya tsinta, Rabi'u da Isma'ila, a layi ɗaya. Ya tura wa Ustaza Nada littafin, ya roƙe ta ta ɗaga murya saboda abokinsa ya ji da kyau. Ya gyara zaman rawani. Lawali ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan layin, ta karanta a tsanake:

"Yau Rabi'u wanzami, mutumin ƙasar Hausa, ya bar ɗaki na tara zai koma garinsu, bayan rasuwar matarsa Bamisriya, tare da ɗansa Isma'ila."