Igiyar Sufeto Gide

Malam Gide ya ɓoye sabuwar motarsa Fijo, wadda ya saya da ƙarin albashin Udoji, a bayan kasuwar Ƙanƙara, ya zura wata yagaggiyar riga. Daga Kaduna aka aiko shi duba gidan Hajiya Safara'u, inda manya masu jinkirin fahimta ke wuni suna koyon sana'a. In bai buga hatimi ba, rufe gidan za a yi. Shi kuwa so yake ya ga yadda ake riƙon mutane in babu idon hukuma.

Ya shiga yana karkata kai, baki sake. Wani magidanci cikin masu koyon, Almu, ya ja shi inuwa, ya miƙa masa rama.

"Zauna, Baba, in koya maka tufka."

Gide ya murza, igiya ta warware. Ya sake, ta sake. Tun yana wasa har ya zage da gaske, gumi na tsiyaya. Almu bai ƙosa ba, har furarsa ya raba da shi.

Da la'asar Gide ya miƙe, ya zaro hatimi yana ƙasaita. "Ni ne sufeto! Kun ci jarrabawa."

Ba wanda ya ko motsa.

"Ai tun hantsi Almu ya faɗa mani, ranka ya daɗe," in ji Hajiya.

Almu ya ɗaga guntuwar igiyar. "Wautar ta ƙarya ce, Hajiya, duk mun gani. Amma tufkar nan, wallahi da gaske ya kasa. A bar mana shi sati biyu."