Ƙwayar Idon Wasila

Jalaluddeen ya tsura wa idon Wasila kallo a ƙofar gidan iyayenta da ke unguwar Gidan Dare. Ƙwayar idon ta buɗe fal, da rana tsaka!

Shi da ya koyar da kansa komai a waya, ya karanta cewa akwai wasu ƙananan sinadarai da jiki ke saki, su ke sa siririyar tsokar da ke kewaye da ƙwayar ido ta ɗaure ko ta saki. Wai in mutum ya ga wanda yake so, sai ƙwayar ta buɗe. Ya daɗe yana tuhumar kansa: halas ne ka leƙa zuciyar mutum ta idonsa ba da izininsa ba? Yau ya yanke wa kansa fatawa: halas ne. Bai taɓa ce mata komai ba sai gaisuwa, amma ga hujja.

"Malama Wasila," ya ce, murya na rawa, "baki na ɓoyewa, ido ba ya ƙarya. In turo magabatana?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Ai ka daɗe ba ka hwaɗi ba. Turo su."

Har ya fara hamdala, sai ta kare fuska da tafin hannu.

"Yi haƙuri da ƙyafce-ƙyafcen ga. Yanzu nid dawo asibitin ido, sun ɗiga man magani, dishi-dishi nika gani. Amma mura kaka yi, Abdulshakur? Muryarka duk ta sake."