Rabon Tsuntsun Zuma

Tun da kamfani ya sare kurmin ya shuka kwakwar manja, ƙudan zuman ƙarfe ne ke bin furanni. Ba sa harbi, ba sa yin zuma. Na ainihin sun ƙare.

Amma da safen nan tsuntsun da ke nuna wa mutane zuma ya sauka a dangar Ɗantani yana ta kira.

"Kada ka bi shi, Malam," in ji matarsa Kande. "Tsufa ne ya ruɗa shi, kamarka."

"Kakana bai taɓa ƙin amsa masa ba. In na ƙi, ya daina kiran ɗan Adam ke nan."

Ya saɓi gatari ya bi shi har shingen kamfani. Tsuntsun ya tsallaka, ya sauka kan akwatin da ƙudan ƙarfen ke kwana, ya juyo yana jiran a fasa a ba shi rabonsa na saƙar zuma.

Mai gadin kamfanin, Bawa ɗan ƙanen Ɗantani, ya ce, "Baba, don Allah koma gida. Babu komai a ciki sai batir."

"Ni na sani, Bawa," in ji Ɗantani. "Shi fa, wa zai gaya masa?"