Ɗakin Littattafan Baba

"Baba, ga ɗakin littattafanka," in ji ɗiyata Amira, tana nuna layuka huɗu a zanen gidan da za su gina mini a garin Buza. Tun rasuwar uwarta littattafai kaɗai nake iya zama da su, don ba sa surutu.

Na ce ta tayar da zanen a ordinata, wato kwamfuta, in gani. Ta danna, bango ya miƙe, muka leƙa ciki. Babu kantar littattafai ko ɗaya, sai gado, madubi da kwanonin jere.

"Yaushe littattafaina suka fara kwalliya?"

Ta yi tsuru-tsuru. "Inna Furera muke son aura maka. Na manta ban goge kayan ba."

Na daɗe ina kallon ɗakin.

"Faɗaɗa ƙofar," na ce. "Furera ba siririya ba ce."