Dutsen Tsohon Gidan Kaso

"Ruwan gulbi ne ya mulmule shi," in ji jandarma.

"Hannun mutanen da ne," in ji malamin lakol, makarantar boko.

Shekarar samun 'yanci ce. Ana rushe tsohon gidan kaso aka tono dutsen, sumul kamar ƙwai. Suka tsare Labaran lebura a jikin bango.

"Baba, raba mana gardama."

Labaran ya karɓi dutsen. "Gulbi ne, ranka ya daɗe."

Amma tafukansa sun riga sun shafi dutsen sun nufi fuskarsa. Shekara tara ya yi yana taimama da shi yana fursuna a gidan kason nan, kafin ya haura katanga ya sake suna.

Jandarma ya matso. "Baba, wa ka ce sunanka?"