Tokar da Mama Ta Goge

Larabar Toka ce, ina aji uku a firamaren Katolika a Dutsin-Ma. Fada, limamin cocinmu, ya zana mana gicciye da toka a goshi, na yini ban ko sosa wurin ba. Da aka tashi, Mama ta tofa yawu a bakin zanenta ta murje shi.

"Mama, na Allah ne fa!"

"Allah ya riga ya gani. Ta kasuwa za mu bi."

Na ƙi cin tuwonta ranar. Bana, ranar Larabar Toka, da 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Kurfi, da hannuna na murje tokar goshina. Fushin yana nan, amma ba da Mama nake ba, da waɗanda suka koya mata tsoron nan nake.